Hutu a jirgin ruwan shaƙatawa: yadda ake shirya tafiyar, daga biza zuwa ƙarin kwanaki a tudu

Hutu a jirgin ruwan shaƙatawa, wanda masu Faransanci ke kira croisière, tafiya ce da jirgin shi ne masauki, shi ne gidan abinci, shi ne kuma abin hawa. Fasinja zai kwance kayansa sau ɗaya a ɗakinsa, jirgi ya yi tafiya cikin dare, gari ya waye masa a wata tashar. Ya sauka ya zaga gari, ya dawo kafin faɗuwar rana, washegari kuma sai wata ƙasar. Alƙaluman CLIA, ƙungiyar manyan kamfanonin wannan sana'a, sun nuna mutum miliyan 34.6 ne suka yi irin wannan hutu a 2024, alhali a 2019, kafin annobar korona, miliyan 29.7 ne.

Sai dai yawancin tallan da kamfanonin ke yi, an tsara shi ne don Bature ko Ba'amurke wanda fasfonsa ke buɗe masa kusan kowace ƙofa, tashar jirgin kuma ba ta da nisa da gidansa. Ga mai tasowa daga Yamai, Maraɗi, Njamena, Garwa ko Kano, zaman cikin jirgin shi ne ɓangare mafi sauƙi. Inda ake asarar kuɗi a tudu ne: wajen biza, wajen jirgin saman da zai kai mutum tasha, wajen sa'o'in da ake yi a kowane zango, da kuma kwanakin da ake ƙarawa kafin hawa ko bayan sauka.

Daga ina abin ya samo asali?

Jiragen fasinja na da, aikinsu jigilar mutane ne daga gaɓa zuwa gaɓa, musamman tsakanin Turai da Amurka. Albert Ballin na kamfanin Hamburg-Amerika a Jamus ya lura cewa ciniki na mutuwa a lokacin hunturu, saboda mutane na gudun haukan Tekun Atlantika. Don haka a 1891 ya tura jirgin Augusta Victoria yawon shaƙatawa a Bahar Rum, kuma a 1900 aka ƙaddamar da Prinzessin Victoria Luise, jirgi na farko da aka ƙera domin wannan aiki kaɗai. Abin bai zama na kowa da kowa ba sai bayan da jiragen sama suka kwashe fasinjojin Atlantika daga ƙarshen shekarun 1950. Daga nan cibiyar sana'ar ta koma Miami a Amurka: an kafa Royal Caribbean a 1968, Carnival kuma a 1972.

A yau rukunoni huɗu ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar: Carnival, wanda shi ke da Costa, Princess, Holland America da Cunard, sai Royal Caribbean, sai MSC na iyalan Aponte mai hedikwata a Geneva, sai Norwegian. Jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024 na da tsawon mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata fiye da 2,000. A ɗaya gefen akwai ƙananan jirage, irin na kamfanin Ponant na Faransa, waɗanda galibinsu fasinjojinsu ba su kai 300 ba.

Girman jirgi na da tasiri a kan tafiyar gaba ɗaya. Babba ya fi araha, ya fi wuraren wasan yara da gidajen abinci, amma sai an yi haƙuri da layi, kuma yakan tsaya a tashar da ke nesa da tsakiyar gari. Tun daga 1 ga Agustan 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Venice, shi ya sa tafiyar da aka tallata da sunan birnin kan tashi daga Marghera, Ravenna ko Trieste. A duba sunan tashar da ke kan tikiti, a bar na kan hoton talla.

Ina, kuma yaushe?

Kowane teku da kakarsa. Bahar Rum ya fi cika daga Afrilu zuwa Oktoba, ko da yake MSC da Costa na zagaya yammacinsa har cikin hunturu da farashi mai sauƙi da teku mai ɗan motsi. Yankin Karibiyan na aiki duk shekara, amma daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne, kuma jirgi kan sauya hanya ba tare da neman yardar kowa ba. Alaska daga Mayu ne zuwa Satumba. Yankin Gulf da Bahar Maliya na lokacin sanyi ne, haka Afirka ta Kudu, inda jiragen MSC ke tashi daga Durban da Cape Town tsakanin Nuwamba da Afrilu, suna leƙa gaɓar Mozambik. Masu zuwa Antatika kuwa daga Ushuaia a kudancin Ajantina suke tashi, daga Nuwamba zuwa Maris, bayan kusan kwana biyu na ratsa mashigin Drake. A can ba a barin fiye da mutum 100 su sauka wuri ɗaya a lokaci guda, jirgin da ke ɗauke da fasinja sama da 500 kuma ba ya sauke kowa.

Ga wanda bai taɓa kwana a kan teku ba, zagayen mako guda a yammacin Bahar Rum ya fi dacewa da gwaji. Kusan kullum akwai tasha, kuma ana iya hawa daga Marseille, Basalona ko Genoa a sauka a inda aka hau.

Abin da kuɗin tikiti ya ƙunsa

Farashin da ake nunawa na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. Mai tafiya shi kaɗai kan biya ƙari, wani lokaci har kusan ninki biyu. Ɗakunan iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai taga, mai baranda, sai babban ɗaki mai falo. Wanda ke tsoron hajijiya da tashin zuciya ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa, domin goshi da wutsiya da saman bene su suka fi lilo.

Tikiti kan ɗauki nauyin ɗaki, abinci a manyan ɗakunan cin abinci, da wasannin dare. Ba ya ɗaukar lemon kwalba, intanet, wanki, ganin likita, gidajen abinci na musamman da yawon da ake fita a tasha. Akwai kuma tukuicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja a kowane dare: a jiragen Turai yakan kama tsakanin Yuro 10 da 15, a na Amurka tsakanin Dala 16 da 20. A ce Yuro 12 ne. Miji da mata a dare bakwai za su biya Yuro 168, wato wajen sefa 110,000, tun da Yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Wasu kamfanonin na haɗa shi cikin farashi, wasu sai ranar ƙarshe mutum zai gan shi a takardar lissafi. Wasu wuraren ma sun fara karɓar nasu harajin: daga bazarar 2025 Girka na karɓar Yuro 20 a kan kowane fasinjan da ya sauka Santorini ko Mykonos a lokacin cunkoso.

A cikin jirgi ba a cika amfani da tsabar kuɗi ba. Katin da aka ba fasinja ranar hawa shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma abin saye, kuma ana haɗa shi da katin banki ko a ajiye tsaba a matsayin jingina. Kafin barin gida a tambayi banki iyakar abin da katin zai iya cirewa a ƙasashen waje.

Biza

Nan ne tafiyar ke tsayawa ko ta rushe. Ƙa'idar kamfanonin ita ce, samun takardun shiga kowace ƙasa da ke kan hanya alhakin fasinja ne. Wanda ya zo tasha babu su ba zai hau ba, kuma ba a mayar masa da kuɗinsa. Cewa "ai ba zan sauka a can ba, zan zauna a ɗakina" ba ya cika yin aiki, domin da zarar jirgi ya shiga tashar wata ƙasa, hukumomin shige da ficenta kan ɗauka duk na ciki sun iso.

Ga misali daga Bahar Rum. Jirgi ya tashi daga Marseille, ya bi Genoa, Civitavecchia da Palermo, ya tsallaka La Goulette a Tunisiya, ya dawo Basalona. Faransa da Italiya da Sifen duk suna cikin yankin Schengen mai ƙasashe 29, don haka biza ɗaya ta wadatar musu. Amma da jirgin ya nufi Tunisiya, fasinja ya fita daga yankin. Idan bizarsa ta shiga sau ɗaya ce, ta ƙare ke nan, ba shi da ikon dawowa Basalona. Abin da yake buƙata biza ce mai damar shiga sau biyu ko fiye. Haka abin yake ga jirgin da zai tsaya a Turkiyya, Masar, Maroko, Ingila ko Kotor ta Montenegro. Kuma kowace daga cikin waɗannan ƙasashe na da nata sharaɗin ga kowane fasfo, ta yadda a gida ɗaya, miji mai fasfon Nijar da mata mai na Najeriya na iya buƙatar takardu daban-daban a tasha guda.

Tun daga Yunin 2024 kuɗin bizar Schengen ga babba Yuro 90 ne, wajen sefa 59,000, kuma ba a mayarwa idan an ƙi. Dole ne a nuna inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ana nema ne a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, idan kwanakin sun zo daidai kuma, ƙasar da za a fara shiga. Mazauna Nijar su tuna cewa Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon Janairun 2024, saboda haka sanin inda za a kai takardu ya kamata ya riga zaɓen tashar da za a hau. Samun bizar ma ba tabbas ba ne: a 2024 an ƙi fiye da kashi 40 cikin 100 na buƙatun da aka shigar daga Najeriya.

Matsalar ita ce lokutan biyan kuɗi da na biza ba sa tafiya tare. Kamfani na karɓar kafin alƙalami ranar da aka kama ɗaki, sauran kuɗin kuma wata biyu zuwa huɗu kafin tashi. Daga nan tarar sokewa ke hauhawa, har ta cinye kuɗin duka a makonnin ƙarshe. Ofishin jakadanci kuwa yana son ganin shaidar an kama ɗakin kafin ya duba takardu, kuma amsarsa da aka saba samu cikin kwana 15 na iya kaiwa kwana 45, ban da jiran ranar ganawa. Dabarar da ta rage ita ce a shigar da buƙata da zarar ƙofa ta buɗe, wato wata shida kafin tafiya, a zaɓi nau'in tikitin da ake iya sokewa ko da ya ɗan fi tsada, a kuma sa kamfanin da ya sayar da tikitin ya rubuta abin da zai faru idan an ƙi biza. Inshorar sokewa ta yau da kullum ba ta biyan wannan asara sai in an ambace ta a cikin yarjejeniyar.

Tafiye-tafiyen da ke taɓa Amurka sun ƙara nisa. A Yunin 2025 Amurka ta sa Chadi cikin ƙasashen da ta hana ƴan ƙasarsu shiga, a Disamba ta ƙara da Nijar, Mali da Burkina Faso, ta kuma taƙaita bizar ziyara ga ƴan Najeriya. Wannan ya shafi mafi yawan jiragen Karibiyan, tun da daga Florida suke tashi, da kuma na Alaska.

Sauran takardun: fasfo mai sauran wata shida aƙalla bayan ranar dawowa, da katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda Masar, Saudiyya da Afirka ta Kudu ke nema ga masu zuwa daga yankinmu. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har abada bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar macen da cikinta ya shiga mako na 24, da jaririn da bai kai wata shida ba.

Ranar tasha

Jirgi kan iso da safe ya tashi da yamma, amma sa'o'i goma da ke rubuce a jadawali ba su ne mutum zai yi a gari ba. Birnin Rum misali ne mai kyau. Tasharsa Civitavecchia na da nisan kimanin kilomita 80. Daga jikin jirgi sai an hau bas zuwa ƙofar tasha, daga nan zuwa tashar jirgin ƙasa, sannan tafiyar sa'a guda ko fiye. In aka cire zuwa da dawowa da ɗan rarar lokaci na tsaro, abin da ya saura bai wuce sa'a biyar ko shida ba. Daga Iskandariyya zuwa dalar Giza ya fi haka: wajen sa'a uku a mota kowane zuwa. Inda babu wurin da babban jirgi zai jingina da gaɓa, kamar Santorini, jirgi na tsayawa nesa da gaɓa, a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage, kuma in iska ta yi ƙarfi sai a fasa zangon gaba ɗaya.

Hanya biyu ce ta fita. Yawon da kamfanin jirgi ya shirya ya fi tsada, ana kuma tafiya cikin ayari a bayan ɗan jagora, amma idan bas ɗin ta makara jirgi zai jira, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai mutanen tasha ta gaba. Wanda ya fita da kansa ya fi sakewa da rage kashe kuɗi, sai dai ba a jiransa. Ana buƙatar kowa ya kasance cikin jirgi galibi minti 30 kafin tashi, kuma agogon da ake bi na jirgi ne, wanda wani lokaci kan bambanta da na garin. Wayar hannu kan sauya lokaci da kanta, ta ruɗar da mai ita.

Baturen da jirgi ya bari zai sayi tikitin jirgin sama ya tare shi a gaba. Mai fasfon da ke buƙatar biza kuwa na iya samun kansa a ƙasar da ba shi da izinin kwana a cikinta, kayansa kuma sun yi gaba. Saboda haka inda gari ke kusa da tasha, kamar Valletta, Palermo ko Basalona, mutum na iya fita da ƙafarsa hankali kwance. Inda tafiyar ta haura sa'a guda, kuɗin da aka ƙara wa kamfani bai tafi a banza ba. Ko ta yaya aka fita, a riƙe takardar shirin ranar, domin a jikinta ake buga lambar wayar wakilin jirgin a wannan tasha.

Ƙarin kwanaki a tudu

Jirgi ɗanɗano kawai yake bayarwa. Duk abin da ke can cikin ƙasa, ko wanda ke buƙatar fiye da yini guda, sai an ware masa kwanakinsa kafin hawa ko bayan sauka. Mafi ƙanƙantar wannan ƙari shi ne kwana ɗaya a garin da za a hau, kuma ga mai zuwa daga Sahel bai kamata a ɗauke shi a matsayin alatu ba. Hanyar jirgin sama kan bi ta Kasablanka, Santambul ko Addis Ababa, kuma jinkirin sa'o'i kaɗan a zango na iya sa mutum ya iso ya tarar an rufe ƙofar hawa. Kwana biyu sun fi, domin akwatin da ya ɓata a hanya ya samu damar riskar mai shi.

Alaska ce inda aka fi tsara wannan salo. Jirgi kan tashi daga Vancouver a Kanada, ya yi dare bakwai yana bin gaɓa ta Ketchikan, Juneau da Skagway da wuraren da tsaunukan ƙanƙara ke gangarowa cikin teku, ya ƙare a Whittier ko Seward. Daga nan fasinjoji su hau jirgin ƙasa mai taragun rufin gilashi zuwa gandun dajin Denali, inda dutse mafi tsawo a Arewacin Amurka yake, mai mita 6,190. Princess da Holland America na da masaukansu a yankin, suna sayar da jirgin ruwa, jirgin ƙasa da otal a dunƙule. Dutsen kan ɓuya cikin gajimare, shi ya sa masu dare biyu a wurin suka fi masu dare ɗaya damar ganinsa. Tafiyar na buƙatar bizar Kanada da ta Amurka duka.

A Bahar Rum, ƙarin da zai fi jan hankalin masu karatu da dama shi ne Andalus. Daga Basalona jirgin ƙasa mai gudu na kai mutum Madrid cikin wajen sa'a biyu da rabi, daga can zuwa Kurɗuba ƙasa da sa'a biyu. A nan ne babban masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen shekarar 785 yake. Tun 1236 ya koma majami'a, kuma ba a barin Musulmi su yi salla a ciki, abin da gara mutum ya sani tun daga gida. A Granada akwai fadar Alhambra, wadda ta fita daga hannun Musulmi a 1492. Tikitinta na da sa'ar shiga da sunan mai shi, yana kuma ƙarewa makonni kafin ranar. Daga wannan gari ne Abu Ishak al-Sahili ya fito, mawaƙin da ya biyo Mansa Musa zuwa Mali bayan hajjinsa na 1324. Kwana uku zuwa huɗu sun isa a ga biranen biyu ba tare da gudu ba.

A Masar, maimakon a yi wa Alƙahira ziyarar sa'o'i kaɗan daga Iskandariyya, ana iya ba ta kwana biyu, a ga dala da sabon babban gidan tarihin da aka buɗe a Nuwamban 2025, sannan a ƙara dare uku ko huɗu a kan Kogin Nilu tsakanin Luxor da Aswan. A Afirka ta Kudu ana haɗa tafiyar da gandun dajin Kruger ko ƴan kwanaki a Cape Town.

Jidda kuwa ta shigo sahu. A Disamban 2024 kamfanin AROYA Cruises na Saudiyya ya fara aiki daga can da jirgin da babu giya a cikinsa, abincinsa na halal ne, yana kuma da ɗakunan salla. Makka na da nisan kimanin kilomita 80 daga Jidda, jirgin ƙasa na Haramain kuma ya haɗa biranen biyu da Madina, don haka haɗa hutun da Umra abu ne mai yiwuwa matuƙar bizar da ke hannu ta halatta hakan. A tabbatar da wannan a rubuce kafin biyan kuɗi.

Kafin hawa ne ya fi ko bayan sauka? Kafin hawa ya fi. Ɓangaren tudu shi ne mai gajiyarwa, da ɗaure kaya da kwancewa da sammako, sai mutum ya zo ya huta a jirgi. Yana kuma zama garkuwa daga jinkirin jirgin sama. Sayen ƙarin daga kamfanin jirgin ya fi tsada, amma su ke ɗaukar kaya, su ke kuma da alhakin isar da fasinja tasha a kan lokaci. Wanda ya shirya da kansa ya tabbatar ya kwana a garin tashar a daren ƙarshe. Kuma a ƙidaya kwanakin nan tun lokacin neman biza, domin ofisoshin jakadanci kan ba da adadin kwanakin da aka nuna a jadawali ne, kuma kwanakin cikin jirgi ma suna cikin lissafi.

Zaman cikin jirgi

Kafin jirgi ya bar tasha kowane fasinja sai ya je wurin taruwarsa na gaggawa, ya koyi sa rigar ceto. An tsaurara wannan doka ne bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio ranar 13 ga Janairun 2012, inda mutum 32 suka mutu, kuma ɗaruruwan da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Alamar gaggawa ita ce busa gajeru bakwai da doguwa ɗaya.

Wuta ce babbar abin tsoro a teku, don haka ana ƙwace dutsen guga, butar lantarki da kyandir a ƙofa. Kaskon turaren wuta da garwashi ma a bar su a gida. Kilishi da dambun nama ba za su wuce kwastan na Tarayyar Turai ba, domin an hana matafiya shigo da nama da madara daga waje, amma dabino na cikin ƴaƴan itatuwan da aka yarda da su.

Batun abincin halal ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Wasu na tanadarsa idan an sanar da su makonni kafin tafiya, wasu ba sa yi. Kifi, ƙwai, shinkafa, taliya da ganye dai ba sa yankewa, sai dai a tambayi shugaban masu hidima ko an sa giya ko naman alade a miya. Yawancin jirage ba su da masallaci, a ɗaki ake salla. Talabijin ɗin ɗakin na da tashar da ke nuna inda jirgi yake da inda ya dosa, kuma ta fi kamfas ɗin waya amfani wajen gane alƙibla, domin ƙarfen jirgi na rikita shi. Mai zuwa arewacin Norwe a watan Yuni, inda rana ba ta faɗuwa, ya tambayi malaminsa yadda zai ƙaddara lokutan salla tun kafin ya tashi.

A kashe intanet ɗin layin waya da zarar an bar gaɓa. A tsakiyar teku waya na kama hanyar sadarwar jirgi ta tauraron ɗan'adam, mai tsadar gaske. Asibitin jirgi ma na kuɗi ne, kuma kwashe marar lafiya zuwa tudu na iya fin kuɗin tafiyar duka, saboda haka inshorar ta ambaci tafiyar teku ƙarara. Mai shan magani kullum ya riƙe na ƙarin kwanaki a jakar hannu. Cutar da aka fi fama da ita ta amai da gudawa ce mai saurin yaɗuwa a cunkoso, kuma wanke hannu da sabulu ya fi man shafawa kashe ƙwayarta.

Gaɓar Afirka ta Yamma

Jiragen shaƙatawa na biyowa ta yankinmu, galibi sa'ad da suke ƙaura tsakanin Turai da Cape Town, kuma sun ƙaru tun da hare-haren ƴan Houthi suka sa kamfanoni da dama kauce wa Bahar Maliya daga ƙarshen 2023. Sukan tsaya a Dakar domin tsibirin Gorée, a Takoradi domin gidajen bayi na Elmina da Cape Coast, a Kwatano domin Ouidah da Ganvié, haka a Banjul, Abijan, Tema da Lome. Mafi yawansu zango suke yadawa a nan, ba sa ɗaukar sababbin fasinjoji, sai ƙananan jirage masu tsada da wani lokaci kan fara ko su ƙare tafiya a Dakar ko Tema.

Ranar sauka

A daren ƙarshe ana ajiye manyan akwatuna a ƙofar ɗaki, ma'aikata su kwashe, sai a zauren tasha za a sake ganinsu. Fasfo, magani da kayan da za a sa da safe su kwana a jakar hannu. A duba takardar lissafi tun da dare, domin gyara kuskure bayan an sauka na da wuya. Ko da jirgi ya iso da ƙarfe bakwai na safe, ana sauke mutane rukuni-rukuni ne, kuma masu fasfon waje kan daɗe a layin jami'an shige da fice. Wanda zai wuce filin jirgin sama kai tsaye kada ya sayi tikitin da ke tashi kafin azahar.